Lissafin bai yi ƙarya ba, amma mutumin bai ajiye katinsa ba

Mu huɗu muka rage a teburin, uku ne kuma za su samu kuɗi. Irin ƙaramar gasar poka ɗin nan ce ta mutum goma da ake bugawa a intanet, kowa ya fara da cip 1,000, wato 'yan alamomin da ake zubawa a wasan a madadin kuɗi. Na ɗaya yana ɗaukar rabin kuɗin da aka tara, na biyu kashi 30 cikin 100, na uku kashi 20, na huɗu kuwa ya tashi hannu rabbana. Kamar da sikeli aka auna mana, kowannenmu yana riƙe da cip wajen 2,500. Zubin dole, wato cip ɗin da mutum biyu suke zubawa bi da bi kafin a raba kati, ya kai 125 na ƙarami da 250 na babba. Ni ne a kan ƙaramin zubi, mutum biyun da ke gabana sun ajiye katunansu, saura ni da mai babban zubi. Na duba hannuna, 9 da 6 ne, ba iri ɗaya ba.

Ban yi ko daƙiƙa biyu ina tunani ba na tura duk abin da ke gabana. Ba don ganganci ba. Makonni na yi ina zaune gaban manhajar lissafi ina bitar irin wannan wurin, kuma kullum amsarta ɗaya ce: a nan ka tura da kusan kowane kati biyu, domin wanda ke bayanka ba shi da damar amsawa, wato ya zuba daidai abin da ka tura ku kara, sai da hannu mai ƙarfi sosai. Shi kuwa ya ɗan yi jim, sai ya amsa. Ya buɗe K da 7. Aka jera katuna biyar a tebur, babu wanda ya taimake ni, na fita a na huɗu.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ba faɗuwar ba ce. Wanda ya daɗe a wasan karta ya saba da faɗuwa. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, wa ya yi kuskure? Na buɗe manhajar na shigar da hannun, ta nuna mini kore, alamar na yi daidai, shi kuma ta sa masa ja. To, idan shi ne ya yi kuskure, me ya sa ni ne na biya?

Sai da na ɗauki biro da takarda na yi lissafin da kaina sannan na gane. Ina so in bi da kai ta cikinsa a hankali, domin a nan ne duk maganar take.

A gasa, cip ba kuɗi ba ne. Wannan ne bambanci na farko tsakanin gasa da teburin da ake zama da tsabar kuɗi. Wanda ya tattara cip ɗin gasar gaba ɗaya ba ya tafiya da kuɗin gaba ɗaya, rabi kawai yake samu a irin gasarmu. Saboda haka cip ɗin da ka ci bai kai darajar cip ɗin da ka rasa ba. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen mayar da cip zuwa ƙimar kuɗi ana kiranta ICM. Asalin dabarar daga tseren dawaki ta fito: a 1973 wani masanin ƙididdiga mai suna David Harville ya tsara yadda za a ƙiyasta dokin da zai zo na biyu da na uku daga damar da kowanne yake da ita ta zuwa na ɗaya, daga baya a 1987 Mason Malmuth ya kawo irin wannan lissafin cikin poka. Tunanin mai sauƙi ne. Damarka ta zama na ɗaya daidai take da kasonka na cip. Damarka ta zama na biyu kuwa, sai a ɗauka wane ne ya ci, a cire cip ɗinsa, a sake rabawa tsakanin sauran. Haka har zuwa ƙasa.

A teburinmu, kafin a raba kati, kujerar kowa tana da darajar kashi 25 na kuɗin. Idan biyu suka kara da duk abin da suke da shi, wanda ya ci zai koma da cip 5,000, amma darajar kujerarsa ba ta ninka zuwa 50 ba, a kashi 38 da ɗoriya take tsayawa. Ina sauran wajen kashi 12 suka tafi? Sun tafi aljihun mutum biyun da suka naɗe hannu suna kallo. Kowannensu ya tashi daga 25 zuwa kusan 31 ba tare da ya taɓa kati ba. Faɗuwar wani tashin wani, a zahiri, da lambobi.

Shi ya sa mai babban zubi yake buƙatar ya ci karawar aƙalla sau 61 cikin 100 kafin amsawa ta biya shi, alhali K da 7 mabambanta suna cin hannun da aka zaɓo a makance sau 55 ne kawai. Ya yi kuskure, babu ja. Amma ga abin da manhajar ba ta ɗaga murya ta faɗa mini ba. Idan yana wasa yadda lissafi ya ce, turawar da na yi tana ƙara mini wajen rabin kashi ɗaya kacal a kan ajiye katin. Idan kuwa mutum ne mai amsawa da hannaye huɗu cikin goma, kamar yadda K da 7 suka nuna, turawar tana rage mini sama da kashi biyu. Na sa kashi biyu a hatsari don neman rabin kashi, bisa zaton cewa baƙon da ban sani ba ya karanta abin da na karanta. Kuskurensa ya cuce shi, ya cuce ni, ya amfani 'yan kallo. Kuma alamun suna nan tun farko, na gan shi sau biyu yana amsa turawa da hannu mai rauni lokacin muna bakwai. Idona ya gani, amma hankalina yana kan jadawalin da na haddace.

Washegari na koma cikin manhajar, na saita hannayen abokin karawar da kaina, na ce mata wannan mutumin yana amsawa da kashi 40 cikin 100 na hannaye. Nan take koren ya koma ja. Ashe tana iya ba ni amsar gaskiya tun farko, ni ne ban yi mata tambayar gaskiya ba.

Tun daga ranar na fara kallon waɗannan kayan aiki da wani ido. Ban daina amfani da su ba, kuma ba zan taɓa ba wani shawarar ya daina ba. Wanda ya zauna da manhajar lissafin ICM irin ICMIZER ko HoldemResources Calculator na wata uku yana bitar hannayensa na bakin gaɓar kuɗi, wato lokacin da saura kaɗan a fita a fara samun kyauta, zai ga abubuwan da shekara goma na wasa da ka ba za su nuna masa ba. Misali mafi girgiza mutum shi ne na gasar neman tikiti, inda duk waɗanda suka tsallake suke samun kyauta iri ɗaya. A ce tikiti biyar ne, kun rage ku shida, kana da cip masu yawa, ga wani can da bai kai ya biya zubin dole biyu ba. Babban mai cip ya tura duka, ka duba ka ga A biyu, hannun da ya fi kowane ƙarfi, wanda ke cin hannun makance wajen sau 85 cikin 100. Daidai a nan shi ne ka ajiye su. Sau 15 ɗin da za ka faɗi sun fi hatsarin da kake ciki idan ka zauna shiru nesa ba kusa ba, kuma cin karawar ba zai ba ka tikiti biyu ba. Zuciya ba ta yarda da wannan sai ta ga lambobi. Irin wannan gasar neman tikiti ta intanet ce ta kai Chris Moneymaker babbar gasar duniya ta Las Vegas a 2003, inda ya doke 'yan wasa 838 ya tafi da dala miliyan 2.5, don haka ba ƙaramin fage ba ne da mutum zai shiga da jahilci.

Sai dai ICM kansa yana da makanta, kuma ya kamata duk mai amfani da shi ya iya lissafa ta. Ba ya ganin gwaninta. A wurinsa cip 3,000 a hannun wanda ya shekara ashirin yana wasa daidai suke da cip 3,000 a hannun wanda ya fara jiya. Ba ya ganin wurin zama. Mai cip kaɗan da babban zubi zai faɗo wa a hannu na gaba, da wanda ya biya nasa yanzu yana da zagaye guda na hutu, duk ɗaya yake ɗaukarsu, alhali na farkon wuƙa ce a wuyansa. Ba ya sanin saura minti ɗaya zubin dole ya hau. Ba ya kuma auna irin cin karen da babban mai cip yake yi babu babbaka a bakin gaɓa, yana kwashe zubin mutane hannu bayan hannu saboda kowa yana tsoron fita. Yana ɗaukar hoto ne na daƙiƙa ɗaya, kamar za a tsayar da wasan nan take a raba kuɗi. Masu gina manhajojin sun san da wannan, shi ya sa suka ƙara wani tsari da ake kira FGS, wanda yake kwaikwayon 'yan hannaye kaɗan na gaba kafin ya yanke ƙima. Yana rage matsalar wurin zama sosai, amma hangensa ba ya nisa, domin kowane hannu da aka ƙara yana ninka nauyin lissafin. Ko a teburin mutum tara, hanyoyin da za a iya jera su daga na ɗaya zuwa na tara sun kai 362,880. Idan mutum ɗari biyar suka rage a gasa, ba a bin kowace hanya, ƙiyasi ake yi.

Manhajojin warware wasa irin su PioSOLVER, wadda ta fito a 2015, da GTO Wizard da ta yi tashe daga baya, su ne suka fi ɗaukar hankalin matasa, kuma su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutum zai ce maka "solba ta ce", wato manhajar warware wasa ta ce, da irin muryar da ba ta karɓar gardama. To amma me ta warware? A wasan Texas Hold'em, irin pokar da muke bugawa, akwai hanyoyi 1,326 da za a iya raba maka kati biyu, waɗanda ake tattarawa zuwa iri 169. Katuna ukun farko da ake buɗewa a tebur suna da siga 22,100, ko 1,755 idan aka haɗe masu kama da juna. Bayan haka kowane ɗan wasa yana iya zuba kowane adadi da ya ga dama. Babu kwamfutar da za ta haɗiye wannan duka. Abin da ake yi shi ne a yanke wasan ya zama ƙarami: kai ne za ka gaya mata hannayen da kake zaton kowa ya shigo da su, kai ne za ka ba ta girman zubi biyu ko uku kawai, ka ce sulusin abin da ke tsakiya, ko kashi uku cikin huɗu, ko duka. Sai ta warware wannan ɗan ƙaramin wasan da ka gina mata, ta warware shi da kyau ƙwarai. Idan ka ba ta hannayen da ba su ba ne, za ta ba ka amsa mai lambobi har bayan ɗigo, tsaf da ita, kuma ba ta da alaƙa da mutumin da ke zaune a gabanka.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan zurfi. Abin da waɗannan manhajoji suke nema shi ne daidaiton da John Nash ya bayyana a 1950, wato matsayin da babu ɗan wasan da zai ƙaru idan shi kaɗai ya sauya dabara. A wasan mutum biyu, inda ribar ɗaya ita ce asarar ɗaya, wannan daidaiton garkuwa ce ta gaske: ka bi shi, duk abin da abokin karawarka ya yi ba zai ci ka ba a tsawon lokaci. A kan wannan ne masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar a 2015 cewa shirinsu Cepheus ya kusan kammala warware poka ta mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. A 2017 kuma shirin Libratus na Jami'ar Carnegie Mellon ya doke ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh cikin hannaye 120,000. Amma da zarar 'yan wasa sun wuce biyu, wannan tabbacin ya tafi. Gaskiya ne wani shirin mai suna Pluribus ya yi galaba a teburin mutum shida a 2019, sai dai galaba ce ta aiki, ba hujjar lissafi ba ce cewa ba za a iya cutar da mai bin daidaito ba, kuma ba gasa mai tsanin kyaututtuka ya buga ba. A gasa, ko ku biyu ne kaɗai a cikin hannu, sauran da suka ajiye kati suna da rabo a sakamakon. Abin da ya same ni da 9 da 6 ke nan. Garkuwar da nake zaton ina riƙe da ita, ba don irin wannan fagen aka ƙera ta ba.

Ina da aboki da muke bitar hannaye tare ta intanet duk mako, ya girme ni a wasan da shekaru. Wata rana na tura masa hoton allo ina murna, na ce masa manhaja ta ce a wannan wuri in yi burga, wato in zuba da hannu mai rauni kamar mai ƙarfi ne, sau 37 cikin 100, in bar sauran. Ya ce, "Ɗan'uwa, duba mini ribar burgar da ribar barin." Na duba, kusan ɗaya suke. Ya ce, "To ka gani. Duk inda ta raba maka hannu gida biyu, tana gaya maka ne cewa bambancin bai taka kara ya karya ba. Kai kana haddace 37, ka bar tambayar da ta fi: me ya sa wannan hannun ne take burga da shi, ba wancan ba?" Da na bi diddigi sai na ga tana zaɓar hannayen da suke riƙe da katin da abokin karawa yake buƙata don ya haɗa babban hannu, ta yadda damarsa ta samunsa ta ragu. Wannan dalilin na tafi da shi, kuma yana yi mini aiki a wuraren da ban taɓa shigarwa a kwamfuta ba. Lambar kuwa na manta da ita cikin kwana biyu, ban kuma yi asarar komai ba.

Manhajojin bin diddigi, irin PokerTracker da Hold'em Manager, maganarsu gajera ce. Suna tara hannayen da ka buga, a shafukan da suka yarda da hakan suna nuna maka lambobi a kan sunan kowane ɗan wasa. Amfaninsu mafi girma a kanka ne, domin kana da dubban hannayenka. A kan baƙo kuwa, a gasa da ƙyar za ka tara masa hannu talatin kafin a watsa teburin, kuma rabinsu ya buga su ne yana da cip mai yawa, yanzu kuma ya koma kaɗan. Lamba daga hannu talatin jita-jita ce. Hannu ɗaya da ka ga ya buɗe a ƙarshe, ka ga ainihin abin da ya amsa da shi, ya fi mini ita daraja.

Iyaka ɗaya kuma ba ta lissafi ba ce, ta amana ce. Waɗannan kaya na nazari ne kafin wasa da bayansa. Buɗe su kana tsakiyar hannu don su gaya maka abin yi maguɗi ne, manyan shafukan poka sun haramta shi, suna rufe asusun wanda suka kama. Ko a wasan ido da ido maganar ta taso. A babbar gasar duniya ta 2024, wadda mutum 10,112 suka shiga kowa da dala 10,000, an ga kwamfutar tafi-da-gidanka a buɗe a wurin magoya bayan wanda ya lashe gasar, yana zuwa wurinsu tsakanin hannaye. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya ya sa masu shirya gasar suka tsaurara dokar na'urori a matakan ƙarshe. Ni a ganina sun yi daidai. Abin da ya sa wasan yake da daraja shi ne mutum ya zauna shi kaɗai da abin da ya koya, agogo yana tafiya, ya yanke hukunci.

Kuma a wannan zaman ne abubuwan da babu allon da ke nuna su suke fitowa. Awa ta takwas a gasa, ido ya yi nauyi, an ci ka da hannun da bai kamata ba minti goma da suka wuce, zuciya tana tafasa. Manhaja ba ta san kuɗin da ka shiga da su na jarin wasa ne da ka ware ba ko kuwa na wata buƙata ce da bai kamata ka taɓa ba. Tana lissafi kamar za ka buga wannan wurin sau miliyan, kai kuwa wataƙila sau uku za ka kai irin wannan teburin ƙarshen a rayuwarka. A gasa mai dubban mutane, wanda yake wasa da kyau yana iya shafe watanni yana asara, wanda yake ɓarna ya ci babba a mako guda, don haka sakamako ba ya saurin gaya maka ko karatunka yana aiki. Ga kamashon da gidan wasa yake cira daga kowace shiga, wanda ya sa abin da ake rabawa kullum bai kai abin da aka zuba ba. Na ga waɗanda suka sayi manhaja suka ɗauka sun sayi tabbaci, suka hau gasar da ta fi ƙarfin aljihunsu. Wannan yana damuna fiye da kowane kuskuren lissafi, domin ba a gyara shi da sauya lamba a allo.

Yadda nake aiki yanzu ya bambanta da da. Idan na gama wasa, ina ware hannaye biyar ko shida da suka tsaya mini a rai. Kafin in buɗe komai, ina rubuta a takarda abin da nake zaton mutumin yana riƙe da shi da dalilin da ya sa na yi abin da na yi. Sannan in gudanar da hannun sau uku: sau ɗaya a kan daidaito, sau ɗaya in sa abokin karawa ya zama mai saurin amsawa, sau ɗaya in sa shi matsoraci. Idan amsar ba ta motsa ba duk ukun, na riƙe ta da ƙarfi. Idan ta juya da ɗan taɓawa, sai in rubuta a gefe cewa wannan wurin na mutum ne, sai na kalli wanda ke gabana.

Makon jiya irin wurin ya sake zuwa. Mu huɗu, uku za su ci, ina kan ƙaramin zubi da 10 da 5 mabambanta, cip ɗinmu kusan ɗaya. Mai babban zubi na riga na rubuta a kan sunansa cewa ya amsa turawa da Q da 8 tun muna shida. Na ajiye katin, ya kwashe 125 ɗina. Hannu uku bayan haka ya amsa turawar wanda ke hagunsa da A da 4, ɗayan ya buɗe 9 biyu, ni da na huɗunmu muka zuba ido ana jera katunan.